Baba ya ce sai ya kai dawa rumbu za a taɓa ƙirjinsa

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim. Mahaifinmu manomi ne, shekarunsa 64. Ya sha taba sigari kusan shekara 30, ya bari tun dawowarsa daga aikin Hajji. Bara ya kama tari, aka ɗora shi a kan maganin tarin fuka na wata 6, ya shanye tas, tari bai tafi ba. Da muka kai shi Kano aka yi hoton CT, sai aka ga ƙullutu mai santimita 2 da rabi a saman huhunsa na dama. An tsakuro nama an auna, likita ya ce ciwon daji ne, amma bisa alama bai bazu ba. Ya ce a yi aiki a cire ɓangaren, in kuma jikinsa ba zai ɗauki aiki ba akwai gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura.

Daga nan kan gida ya rabu. Yayana da ke aiki a Abuja ya karanta a intanet cewa akwai wani awon jini na zamani da ke duba sinadaran jiki ya nuna maganin da ya fi dacewa da mutum, ya ce kada a taɓa Baba sai ya gano inda ake yi a ƙasar waje. Baffanmu ya ce daji ba ya son ƙarfe, ana sa wuƙa zai watsu, ya kawo jiƙo cikin jarka. Inna kuka kawai take yi. Shi Baba ba a gaya masa sunan ciwon ba, an ce masa ƙari ne a ƙirji, don haka ya ce a bari sai ya kai dawa rumbu. Yanzu ƙarshen watan Agusta muke. Ni ke kai shi asibiti, ni likita ke yi wa bayani, amma in maza suka zauna ba a jin tawa. Ina tsoron in matsa a yi aiki ya rasu a ce ni ce sila, ina kuma tsoron in yi shiru lokaci ya ƙure. Anti, yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma kafin komai ina so ki riƙe abu ɗaya da ƙila ruɗanin gida ya ɓoye miki: kun yi dacen da mafi yawan masu wannan ciwo ba sa samu. Dajin huhu shi ne kan gaba wajen kisa cikin dukan cututtukan daji, a shekarar 2022 kaɗai ya kashe kusan mutum miliyan 1.8 a duniya, kuma babban dalili shi ne ba a ganin sa sai ya riga ya yi nisa. A shekarun da na yi ina aikin jinya, akasarin waɗanda ake kawo mana daga karkara suna zuwa ne ƙirji ya tara ruwa, murya ta dishe, jiki ya zube. Ƙullutu mai santimita 2 da rabi wanda bai taɓa kaluluwa ba, wato ƙananan ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cikin ƙirji, bai tafi ko'ina ba, yana matakin farko. Alƙaluman da ƙungiyar likitocin dajin huhu ta duniya ta tattara sun nuna kusan mutum 3 cikin 4 masu irin wannan girman suna nan da rai bayan shekara 5 idan an yi magani. Idan ya kai mataki na 4 kuwa, wato na ƙarshe da ya bazu a jiki, bai fi 1 cikin 10 ba. To abin da ke hannunku mai daraja shi ne lokaci, kuma duk shawarwarin nan uku, ta Yaya da ta Baffa da ta Baba, lokacin suke ci.

Bari in fara da Yayanki, domin maganarsa tana da tushe, ba shaci-faɗi ya karanta ba. Tun wajejen shekarun 1920 wani masanin Jamus mai suna Otto Warburg ya lura cewa ƙwayoyin daji suna zuƙar sukari fiye da lafiyayyun ƙwayoyin jiki, kuma suna sarrafa shi ta wata hanya dabam. Daga nan masana suka fara tunanin cewa idan daji yana cin abinci ba kamar sauran jiki ba, to dole ya bar alama a jini. Kamar ki shiga madafa bayan an gama girki ne, ki duba toka da ƙanzo da warin hayaƙi, ki ce yau tuwon dawa aka yi da miyar kuka. Awon da Yaya ke nufi, wanda ake kira metabolomiks, haka yake: ana ɗibar jini ko fitsari ko numfashi, a sa a na'ura ta ƙirga ɗaruruwan ƙananan sinadarai, irin su sukari da kitse da gutsattsarin furotin. Masu bincike suna kwatanta jinin marasa lafiya kafin aiki da bayan aiki, kafin gashi da bayan gashi, don su ga yadda jiki ke amsa kowanne, da fatan wata rana a riƙa hango wanda ciwonsa zai dawo.

Sai dai har yau wannan awo yana ɗakin bincike. Babu wani tsarin jinyar dajin huhu da likitoci ke bi, a Amurka ko Ingila ko Masar ko Indiya, da ya ce a zaɓi aiki ko gashi bisa sakamakonsa. Sinadaran jini suna canzawa da abin da mutum ya ci jiya, da azumi, da ciwon sukari, da magungunan da yake sha, har da jiƙon Baffa. Binciken da aka yi yawanci a kan mutane kaɗan ne, kuma ba masu cin tuwo da fura ba. Ko da Yaya ya samu inda za su karɓi kuɗinsa su auna, takardar da za ta dawo babu likitan tiyatar da zai canza shawara saboda ita. Ki faɗa masa haka cikin ladabi, kuma kada ki kushe shi. Mutumin da ke nesa da mahaifinsa marar lafiya yana jin ciwon rashin kasancewa kusa, waya da intanet ne kawai hannun da yake da shi, shi ya sa ya riƙe su da ƙarfi. Ki ba shi aikin da zai amfani Baba.

Aikin kuwa akwai shi, kuma ɗan'uwan abin da ya karanta ne. Wannan ganowar ta Warburg ita ce tushen hoton PET, wanda likitoci suke amfani da shi yau da kullum. Ana yi wa mutum allurar wani irin sukari mai alama, a jira kamar awa ɗaya, sannan a ɗauki hoton jiki gaba ɗaya. Duk inda ake zuƙar sukari da yawa sai ya haska. Amfaninsa ga Baba shi ne tabbatar da cewa ciwon bai ɓuya a kaluluwar tsakiyar ƙirji ko ƙashi ko hanta ba. Yana da rauni ɗaya da ya shafe mu sosai: tarin fuka da sauran kumburi su ma suna haskawa, don haka ba kowane haske ne daji ba, wani lokaci sai an tsakuro kaluluwar an auna. Ana yin wannan hoto a Legas. Yaya ya tambayi likitan Baba ko yana son a yi, in ya ce e, shi ya ɗauki nauyin neman rana da kuɗin tafiya cikin mako 2 ko 3. In abin ya gagara, ba a tsayar da magani dominsa. Hoton CT na ƙirji da saman ciki da allurar rini, haɗe da duba kaluluwa lokacin aiki, su ne madogara.

Yanzu ga ainihin abin da kike son sani, aiki ko gashi. Huhun dama ɓangare 3 ne, na hagu 2. Aikin da likita ya ambata shi ne cire ɓangaren sama na dama gaba ɗayansa tare da kaluluwar da ke kewaye, sauran biyun su ci gaba da aiki. Wannan shi ne maganin da aka fi daɗewa ana dogara da shi ga wanda jikinsa zai ɗauka. Manyan bincike biyu, ɗaya daga Japan a 2022 ɗaya daga Amurka a 2023, sun nuna ana iya yankar ƙasa da haka idan ƙullutun bai wuce santimita 2 ba, amma na Baba ya ɗan haura, shi ya sa likita ya yi maganar ɓangare guda. Babbar fa'idar aiki ita ce ana fitar da ciwon a riƙe shi a hannu, a kai shi da kaluluwar ɗakin awo a san gaskiyar matakinsa. Wani lokaci a nan ake gano ya ɗan leƙa kaluluwa ba tare da hoto ya nuna ba, sai a bi da maganin kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, yawanci zagaye 4. Ba zan ɓoye miki haɗarinsa ba. A manyan cibiyoyi, mutum 1 zuwa 3 cikin 100 ba sa tsallake watan farko bayan irin wannan aiki, kuma akwai ciwo, da yiwuwar nimoniya, da makonni na rashin ƙarfi.

Na yi jinyar dattawa irin Baba bayan wannan aiki. Za ki gan shi da roba ta fito daga haƙarƙari zuwa wata kwalba a ƙasan gado, ruwan ciki yana motsi duk sa'ad da ya ja numfashi. Kallon farko yana tayar da hankali, na sha riƙe matan da suka juya da baya suna salati. Amma kwana ɗaya bayan aiki muke zaunar da mutum, mu ba shi filo ya rungume a ƙirji ya yi tari, mu kama hannunsa ya taka zuwa bakin ƙofa. Bayan 'yan kwanaki a zare robar. Na tuna wani tsoho da ya ƙi tari don tsoron ɗinki ya ɓalle, sai da jikarsa ta zauna gabansa tana hura balan-balan suna gasa, sannan ƙirjin ya buɗe. Manomin da har yanzu yake zuwa gona da ƙafarsa yana da jarin da mutanen birni da yawa ba su da shi.

Gashin da ya dace da irin wannan ciwo wani ne na musamman da ake kira SBRT. Maimakon gashi kaɗan-kaɗan na makonni da yawa, ana auna ƙullutun daidai, a lissafa yadda yake hawa da sauka tare da numfashi, a harba masa haske mai ƙarfi ta kusurwoyi da dama, sau 3 zuwa 5, wani lokaci har 8, cikin mako ɗaya ko biyu. Babu yanka, babu kwanciya, mutum yana tafiya gida da ƙafarsa. A wurin da aka gasa, ciwon yana mutuwa a kusan 9 cikin 10. Illolinsa gajiya, tari, kumburin huhu bayan wasu watanni, ko ciwon haƙarƙari. Rauninsa shi ne ba a cire kaluluwa a duba, kuma tabon da yake bari yana wahalar karantawa a hotunan baya. An yi ƙoƙarin gwada shi kai da kai da aiki, amma gwaje-gwajen farko sun tsaya saboda ƙarancin masu shiga. Da aka haɗa guda biyu a 2015, mutum 58 ne kacal, sakamakon ya yi wa gashi kyau, amma mutum 58 ba sa yanke hukunci. Don haka matsayar likitoci har yanzu ita ce: wanda zai iya ɗaukar aiki a yi masa aiki, wanda zuciya ko huhu ko tsufa suka hana, ko ya ƙi bayan ya fahimta, gashin SBRT magani ne na gaske, ba na lallashi ba.

A ƙasarmu akwai ƙarin abin lura. Injinan gashi kaɗan ne, layi yana da tsawo, kuma ba duk inda ake gashi ne ake yin wannan nau'in ba. Akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, da cibiyar daji ta asibitin koyarwa na Legas. Kafin ku ɗauki dattijo ku hau mota, likita ya rubuta takardar turawa, Yaya ya je da ƙafarsa ko ya buga waya ya tambaya a fili ko suna yin SBRT na huhu, da kuma yaushe za a fara. In ta tabbata gashin ne mafita kuma ba a samu a gida ba, a nan ne maganar Masar ko Indiya take da ma'ana, kuma a fara tura musu faifan hoto da sakamakon nama kafin a sayi tikiti.

To wane awo ne ke raba gardama? Mai sauƙi ne, kuma a Kano ake yin sa, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ma ya isa. Za a ba Baba wani bututu ya cika ƙirji ya hura da iya ƙarfinsa, na'ura ta auna iskar da ya fitar a daƙiƙar farko, likita ya lissafa abin da zai rage masa in an cire ɓangare guda. Za a duba zuciyarsa, a auna jini da ƙoda da sukari, ƙila a sa shi ya hau bene ana kallon numfashinsa. Shekara 30 na taba tana iya raunana huhu ba tare da mutum ya sani ba, shi ya sa ba a tsallake wannan mataki. Ki roƙi a yi waɗannan cikin mako mai zuwa. Ki kuma tambayi likita sunan nau'in dajin da aka gani a naman, domin akwai wani mai ƙananan ƙwayoyi, kusan kashi 15 cikin 100, wanda maganinsa dabam ne. Ki tambaye shi sau nawa suke irin wannan aiki, wa zai yi, akwai gado a ɗakin kulawa ta musamman, leda nawa ta jini za ku tanada. Ki tafi da littafi ki rubuta, ke malama ce. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Maganar rumbu ita ta fi damuna. Daga ƙarshen Agusta zuwa lokacin da dawa za ta shiga rumbu, Nuwamba ko Disamba, kusan wata 3 ne ko fiye. Wani babban bincike da aka yi a 2021 a kan tsofaffin sojojin Amurka kusan 10,000 masu dajin huhu a matakin farko ya nuna waɗanda aikinsu ya wuce mako 12 ciwon ya fi dawo musu. Baba kuma ya riga ya yi asarar wata 6 a kan maganin tarin fuka. Wannan yana faruwa da yawa a wajenmu domin cututtukan biyu suna kama da juna a hoton ƙirji, kuma yanzu ba lokacin neman mai laifi ba ne. Amma ba shi da wasu watannin da zai bayar.

Kuma ni ban ga laifin Baba ba ko kaɗan. An ce masa ƙari ne. Wane manomi ne zai bar gero yana nuna, riɗi yana jiran yanka, ya je ya kwanta saboda ƙari? Lissafinsa daidai ne bisa abin da aka gaya masa. Na san da ƙauna kuka ɓoye, kuna tsoron kalmar ta karya masa zuciya. Amma ƙirjinsa ne, shi zai sa hannu a takardar yarda, kuma mutumin da ya riƙe gida shekara da shekaru, ya binne iyayensa, ya ga fari ya ga ambaliya, ya fi ƙarfin a riƙa kewaye shi kamar yaro. Dattawa da yawa sun riga sun gane tun daga yadda ake yin shiru in sun shigo. Ku gaya masa, a gaban likita in zai yiwu, Inna tana kusa, a faɗi sunan ciwon a kuma faɗi cewa an gan shi da wuri kuma yana da magani, duka a numfashi ɗaya. Sannan ku ɗauke masa nauyin gonar a aikace: a kira gayya, a sa ƙannenki da 'ya'yan Baffa, a ɗauki 'yan ƙwadago, a faɗa masa wa zai yanke gero, wa zai ɗaure dami, wa zai kaɗe riɗi. Sai ya ji sunaye hankalinsa zai kwanta.

Wannan ne kuma zai sauke miki dutsen da ke kanki. In Baba ya ji gaskiya ya zaɓa da bakinsa, babu wanda zai ce ke kika sa. Ke kin kawo bayani, shi ya yanke, rai kuma na Allah ne. Ki daina ɗaukar abin a matsayin hukuncinki ke kaɗai.

Baffa kuma a bi shi da girmamawa, don ɗan'uwansa yake tsoron rasawa. Maganar cewa daji ba ya son ƙarfe ta samo asali ne daga abin da mutane suka gani da idonsu: an kai mutum asibiti bayan ciwo ya ci jiki, an buɗe, bai daɗe ba ya rasu, sai aka ɗora wa wuƙa. Ciwon ya riga ya bazu kafin a taɓa shi. Ga hujja a gidanku: an riga an sa wa ƙullutun Baba allura an tsakuro nama, kuma yana nan yana zuwa gona. Kada ki yi jayayya da Baffa a zauren maza, ba za ki ci riba ba. Ki sa Yaya ya gayyace shi zuwa asibiti a matsayinsa na babba, ya zauna ya yi wa likita tambayarsa da kansa. In akwai limami ko wani dattijo da suke jin nauyinsa, a sa shi a ciki. Addu'a da rubutu da sadaka a ba Baffa jagorancinsu. Jiƙon jarka ne kawai zan roƙa a ajiye, domin ba a san abin da ke ciki ba, kuma wasu saiwoyi suna taɓa hanta da ƙoda ko su hana jini daskarewa, abin da zai iya sa a ɗage aiki. In Baba ya riga ya fara sha, ki gaya wa likita.

Batun kuɗi, ku nemi a rubuta muku ƙiyasi na aiki da na gashi, har da magani da kwanciya, kafin a sayar da komai. Ku leƙa ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, ku tambaya ko Baba zai iya shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. In dole sai an sayar da kadara, dabba ta riga gona fita. Ku tara samari huɗu ko biyar masu lafiya da za su ba da jini. Kuma ku sani ko an gama magani za a riƙa komawa hoton CT kamar duk wata 6 a shekarun farko, a ware kuɗin motar tun yanzu.

Kafin ranar, Baba ya ci abinci sosai, ƙwai, wake, nono, kifi, nama in an samu. Ya riƙa tafiya safe da yamma. A nisanta shi da hayaƙin murhu da na ƙona gona da majalisar masu shan taba. In ya yi tarin jini mai yawa, ko numfashi ya sarƙe, ko zazzaɓi mai zafi ya kama shi, a tafi asibiti a daren, kada a jira ranar da aka ba ku.

Inna kuma ki zauna da ita ku biyu a ɗaki ki yi mata bayanin nan da harshen da za ta gane, domin kukanta na wadda ta ji sunan ciwo ne ba ta ji sauran maganar ba, kuma ita ce za ta fi kowa iya shawo kan Baba da dare. Yau ki kira Yaya, ki karanta masa wannan amsa in kina so, ku tsayar da ranar da zai zo gida cikin makon nan. Ki sake rubuto mini bayan an yi awon numfashin, ina son jin abin da ya nuna. Ki gaishe mini da Baba da jiki, Allah Ya tashi kafaɗunsa.